REDIYON CETO: WA ZAI BIYA, WA ZAI RIƘE?

 

Yau za mu yi magana bisa wani irin rediyo dabam. Wanda kuke saurare yanzu, shi ke magana, ku kuna ji. Wanda za mu yi zancensa kuwa, ana magana cikinsa, ana kuma amsawa. Kun sha ganinsa hannun jandarmomi da ƴan sanda da ƴan kwana-kwana masu kashe gobara. Wasu na ce ma shi oba-oba. Mu za mu kira shi rediyon ceto, don aikinsa ke nan ranar tashin hankali.

Tambayarmu ta yau ita ce: in garuruwa da yawa suka haɗu kan rediyo ɗaya, wa zai biya kuɗinsa? Wa zai riƙe shi? Wa zai raba gardama in ta taso? Za mu duba yadda wata jaha ta ƙasar Amurka ta yi da wannan al'amari. Bayan haka mu yi ɗan lissafi tare.

DON ME BA A DOGARA DA TALHO BA?

Wani zai ce: ai yanzu kowa na da talho cikin aljihu, me za a yi da rediyo? Dalilai uku ne.

Na farko, da talho mutum ɗaya kake kira. Sai ka nemi lamba, ka jira a ɗauka. Da rediyo kuwa maɓalli ɗaya za ka danna, mutum hamsin su ji ka nan take.

Na biyu, ranar da abu ya faru, kowa na kiran ɗan uwansa ya ji lafiyarsa. Layin talho sai ya cushe. Mai ceto ba shi da lokacin jira.

Na uku, hasumiyoyin rediyon ceto ana gina su da batir da injin wuta nasu. Ko wutar gari ta ɗauke, suna ci gaba da aiki.

ABIN DA YA FARU A NIYOK

Shekaru da yawa, a Amurka, kowace ma'aikata ita ke sayen rediyonta. Ƴan sanda na da nasu. Ƴan kwana-kwana na da nasu. Motocin ɗaukar marasa lafiya na da nasu. Gari kaza na da nasa, maƙwabcinsa na da nasa. Sau da yawa waɗannan rediyoyi ba su jin juna. Mutum biyu na tsaye suna hangen juna, kowa da rediyo a hannu, amma ba halin magana.

Ranar 11 ga Satumba 2001 aka kai hari bisa dogayen benaye biyu na birnin Niyok. Ƴan sanda da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun ga alamar bene na shirin faɗuwa. Suka ba da labari ta rediyon ƴan sanda. Ƴan kwana-kwana da ke cikin benen, rediyonsu dabam ne, wannan labari bai bi ta kansa ba. A wannan rana ƴan kwana-kwana 343 suka rasu. Masu bincike sun nuna cewa rashin jin juna na cikin abubuwan da suka ƙara yawan hasarar.

Daga nan jahohi da yawa suka tashi tsaye, suka ce sai an gyara.

JAHAR MINESOTA

Minesota na arewacin Amurka, iyaka da Kanada. Ƙasa ce mai tabkuna da sanyi mai tsanani. Faɗinta ya fi jahar Damagaram da ta Maraɗi in an haɗa su. Mutanenta sun haura miliyan 5. An raba ta gunduma 87. Manyan biranenta biyu na manne da juna, Miniyapolis da Sen Pol, kogin Misisipi ya ratsa su.

Su sun fara da wuri. Tun shekarar 1995 majalisar jahar ta kafa kwamitin rediyo na yankin biranen nan biyu. Wajen shekarar 2002 rediyon haɗin gwiwa ya fara aiki a yankin. Bayan harin Niyok suka ce a kai shi ko'ina cikin jahar. A 2004 aka kafa babban kwamiti na jaha duka. Sunan rediyon ARMER. Yau yana da hasumiya fiye da 300, kuma kusan dukkan gundumomin jahar na aiki da shi.

YADDA YAKE AIKI

Ku ɗauki misalin injin niƙa. A ce gari na da inji 10, amma an ce kowace unguwa ga nata, ba ta zuwa na wata. Za ku ga inji ɗaya mata sun yi dogon layi, sauran 9 na zaune ba aiki. In kuwa aka ce layi ɗaya ne, duk injin da ya samu sarari shi zai karɓi mai bi, to niƙa zai yi sauri.

Haka hanyoyin magana suke cikin iska. Ba su da yawa. A tsohon tsari kowace ma'aikata na riƙe da hanyarta, ko tana magana ko ba ta yi. A sabon tsari an tara hanyoyin wuri ɗaya. In ka danna maɓalli, kwamfuta ta ba ka hanyar da ba kowa. In ka saki, ta karɓe ta ba wani. Duka wannan bai kai ƙiftawar ido ba.

To ba za a riƙa jin maganar kowa ba ne? A'a. An raba masu magana ƙungiya-ƙungiya, kamar zauruka. Ƴan sandan gari kaza na da zaurensu. Ƴan kwana-kwana na da nasu. Ran da ba komi, kowa na cikin zaurensa. Amma akwai zaurukan taro da aka sa cikin rediyon kowa. Ranar babban hatsari sai a ce: duk mai aiki a wurin nan ya koma zaure kaza. Nan take ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da direban motar asibiti su ji juna, ko daga gunduma dabam-dabam suka zo.

WA KE BIYA?

Ga inda maganar take da nauyi. Sun raba kayan kashi biyu.

Kashi na farko shi ne ƙashin baya: hasumiyoyi, da hanyoyin da suka haɗa su, da manyan kwamfutoci. Wannan na jaha ne. Ma'aikatar hanyoyi ta jahar ita ta gina shi, ita ke kula da shi.

Ina aka samu kuɗin? A Amurka, in hatsari ya faru, lamba 911 ake kira, kamar yadda a nan muke kiran 17 don ƴan sanda, 18 don ƴan kwana-kwana. A Minesota, kowane layin talho ana ɗora ma shi ɗan kuɗi kowane wata da sunan wannan lamba. Kuɗin bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Mutum ɗaya bai jin nauyinsa. Amma layuka miliyoyi ne, wata kuma 12 ne a shekara. Da haka kuɗin ke taruwa.

Jahar ba ta jira sai kuɗin sun taru ba. Ta ci bashi, ta gina, ta ce za a riƙa biya daga wannan ɗan kuɗi na wata-wata. A shekarar 2007 majalisar jahar ta yarda a ci bashin dalar Amurka miliyan 186 don a ƙarasa ƙashin bayan har ƙauyuka. Kashi babba na kuɗin gyara da kulawa shi ma daga nan yake fitowa.

Ku lura da abu ɗaya. Kuɗin nan na da asusunsa dabam, doka ta faɗi aikinsa. Kun san abin da ke faruwa da famfon gari in an haɗa kuɗin gyaransa da kuɗin biki cikin akwati ɗaya.

Kashi na biyu shi ne kayan gida: rediyon hannu, da rediyon mota, da kayan ɗakin da ke karɓar kira. Wannan kowace gunduma da kowane gari su ke saye da kuɗin lanhonsu. In wata gunduma ta ga maganar ba ta shiga cikin manyan gine-gine, ko ba ta kai wani kwari, tana iya ƙara hasumiya da kuɗinta. Hasumiyar tata ce, amma dole ta dace da na sauran.

Wato jaha ta gina hanya, kowa ya sayi motarsa.

WA KE RIƘE?

Da an bar ma jaha ita kaɗai ta yanke komi, da gundumomi sun ƙi shiga. Mutum ba ya zuba kuɗinsa inda ba shi da baki. Shi ya sa aka kafa kwamiti.

Babban kwamitin na da wajen mutum 20. Akwai wakilan ma'aikatun jaha. Akwai wakilan garuruwa da na gundumomi. Akwai na shugabannin ƴan sanda, da na shugabannin ƴan kwana-kwana, da na masu motocin asibiti. An kuma tsara kujerun yadda za a samu mutumin birni, a samu mutumin karkara. Dalili a fili yake. Bukatar birni ita ce hanyoyin magana su yi yawa, don mutane sun yi yawa. Bukatar karkara ita ce magana ta kai nesa, don daji ya yi faɗi. In ɓangare ɗaya ya cika kujeru, kuɗin duka wajensa za su tafi.

Ƙarƙashin babban kwamiti an raba jahar yanki 7. Kowane yanki na da kwamitinsa. Gundumomin yankin su ke sa hannu bisa yarjejeniya, kowace ta aiko wakilinta.

Gundumar da ke son shiga sai ta rubuta takarda. Ta faɗi rediyo nawa za ta kawo, da zaure nawa take so, da hasumiyoyin da za ta riƙa bi. Kwamiti ya duba ko shigarta za ta cushe ma maƙwabta hanya. In ya yarda, ta shiga.

Kwamitin ne kuma ke rubuta dokokin aiki. Wa ke da ikon buɗe zauren taro? In hanyoyi suka cika, wa za a fara ba? Wane horo mutum zai yi kafin a ba shi rediyo? Duka a rubuce suke, kowa na iya karantawa. Akwai wata al'ada mai amfani da masu ceto na Amurka ke bi: ranar aikin haɗin gwiwa a yi magana a fili, kada a yi ta da lambobin sirri. Lambar da ke nufin abu kaza a wannan gari tana iya nufin wani abu a wancan.

RANAR DA GADA TA FAƊI

Ranar 1 ga Agusta 2007, jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma, babbar gada ta Miniyapolis ta karye ta faɗa kogin Misisipi. Lokacin tashi daga aiki ne, gadar cike da motoci. Mota fiye da 100 abin ya rutsa da su. Mutum 13 suka rasu, 145 suka ji ciwo. Akwai wata motar ƴan makaranta cike da yara bisa gadar, duka suka fita da ransu.

Masu ceto suka zo daga gari-gari. Aiki ya rabu: ƴan kwana-kwanan birni na fidda mutane daga cikin ƙarafa, mutanen gunduma na cikin ruwa da jirage, ƴan sanda na tsare hanya, motocin asibiti na kwasa. Layukan talho sun cushe a wannan yamma. Rediyon ceto kuwa ya ɗauki nauyin. Masu binciken gwamnatin tarayya sun yaba ma shi daga baya.

Abu biyu suka taimaka. Rediyon na nan, an riga an biya, an riga an gina. Shugabannin kuma sun san juna, don tun 2002 sun yi horo tare bisa yadda za a fuskanci babban hatsari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar gobara kuma ba a fara sanin juna.

WAHALOLIN DA KE CIKI

Kada ku ɗauka abin ba shi da wuya.

Wahala ta farko tsada. Rediyon hannu ɗaya na irin wannan yakan wuce miliyan ɗaya na kuɗinmu na sefa. Mafi yawan ƴan kwana-kwanan Minesota ƴan sa kai ne na ƙananan garuruwa. Gari ƙarami na shan wuya kafin ya saya ma mutum 20.

Ta biyu tsufa. Rediyo na tsufa, batir na mutuwa, kwamfuta na son a sabunta ta. In an sabunta ƙashin baya, dole kowa ya sabunta kayansa da ke haɗe da shi. Gundumar da ba ta aje kuɗi ba sai ta riƙe ma kowa ƙafa. Kuɗin gini sau ɗaya ake nema. Kuɗin kulawa kowace shekara ne.

Ta uku yawan magana. Ƙasar Beljik na da rediyon ceto ɗaya na ƙasa duka, sunansa ASTRID. Ranar 22 ga Maris 2016 aka kai hari birnin Burusel. Masu magana suka yi yawa har hanyoyin suka cushe a wasu wurare. Rediyon haɗin gwiwa kamar rijiyar gari yake. Ko wanda ke nesa, ya murɗa don ya ji labari kawai, yana iya tare hanya ɗaya bisa hasumiyar da ke kusa da shi. Don haka ake horon mutane: faɗi abin da ya kawo ka, ka saki maɓalli.

MU YI LISSAFI

Yanzu ku ɗauki alli. Wannan misali ne kawai, don mu gane yadda gardamar kuɗi take.

A ce garuruwa uku sun haɗu kan hasumiya ɗaya. Kulawa da ita jika 900 ne a shekara. Babban gari na da rediyo 50. Matsakaici na da 30. Ƙarami na da 10. Duka rediyo 90 ke nan.

Hanya ta farko: a raba daidai. Jika 900 a raba uku, kowa jika 300. Ƙaramin gari zai ce an cuce shi. Rediyonsa 10 ne, amma yana biya kamar mai 50.

Hanya ta biyu: a raba bisa yawan rediyo. Jika 900 a raba 90, kowane rediyo jika 10. Babba ya biya 500, matsakaici 300, ƙarami 100. Yanzu babba zai yi ƙorafi. Zai ce hasumiyar don ƙauyukan nesa aka yi ta da tsawo haka. Akwai kuma wani haɗari. In kowane rediyo na jawo biya, gari mai ƙaramin ƙarfi zai rage yawan rediyonsa don ya rage kuɗi. Ranar gobara a tarar mutum biyar na rabon rediyo ɗaya.

Hanya ta uku: a haɗa biyun. Rabin kuɗin, jika 450, a raba daidai, kowa 150. Sauran jika 450 a raba bisa rediyo, kowane rediyo jika 5. Babba: 150 da 250, jika 400. Matsakaici: 150 da 150, jika 300. Ƙarami: 150 da 50, jika 200. Ku tara: 400 da 300 da 200, jika 900 cif.

Wace ce ta fi? Ba wadda za ta gamsar da kowa ɗari bisa ɗari. Abin da ke tsare zumunci shi ne a zaɓi ɗaya tun ba a sayi ko ƙusa ba. A rubuta ta. Kowa ya sa hannu. A rubuta kuma ranar da za a sake duba ta, da abin da za a yi in wani ya kasa biya, da yadda mai son fita zai fita. Wanda ya kasa biya ba a kashe ma shi rediyo ranar hatsari, don wutar gidansa na iya kama na maƙwabci. Sai a nemi wata hanyar karɓar bashin.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ƙarfinmu da na Minesota ba ɗaya ba ne. Amma hatsari a nan ma bai san iyakar gari ba. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta taɓa fiye da miliyan ɗaya. Ruwan gulbi ba ya tsayawa bakin iyakar gunduma. Gobarar daji da ta tashi a makiyayar arewa ba ta tambayar ƙasar wane hakimi ce. Duk ranar da irin wannan ta faru, mutanen ma'aikatu dabam-dabam da na garuruwa dabam-dabam ke haɗuwa wuri ɗaya. Dole su ji juna.

Tambayoyin kuma kun san su. Su ne na kwamitin famfo, da na bankin cimaka, da na kowane kayan da jama'a suka haɗu kansa. Ga abin da za mu riƙe:

1. Abin da kowa ke amfani da shi, kowa ya sa hannu a biyansa, ko da kaɗan ne.
2. Kuɗin ya samu akwatinsa dabam.
3. Duk mai biya ya samu kujera, babba da ƙarami.
4. A aje kuɗin gyara tun ranar saye.
5. Doka ta zama a rubuce, a riƙa karanta lissafi gaban jama'a.
6. Masu aiki su yi horo tare tun lafiya lau.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

Bayan shirin nan ku zauna ku tattauna:

Cikin hanyoyi uku na rabon jika 900, wace za ku zaɓa in ku ne ƙaramin gari? In ku ne babban fa?

In gobara ta tashi garinku da dare, wa ake fara gaya ma? Shi kuma ta yaya zai kai labari gari na gaba in talho ya ƙi?

Wane kayan haɗin gwiwa ne ya mutu a garinku don ba a aje kuɗin gyara ba? Me za a sake in za a fara sabo?

Ku rubuta amsoshinku, ku ba malaminku ya aiko muna. Za mu karanta wasu cikin shiri mai zuwa.

Nan za mu dakata. Mu kwana lafiya, sai sati mai zuwa.